Gadin Narkakken Dutse a Bakin Gari

Yawancin bala'o'i ba sa sallama. Girgizar ƙasa takan gama ɓarnarta kafin a ƙifta ido, ambaliya kuma takan shigo cikin dare mutane na barci. Amma akwai bala'in da mutum zai tsaya yana kallonsa yana tahowa, ya auna nisan da ya ci da safe, ya koma gida ya ci abinci, da yamma ya dawo ya sake aunawa. Wannan ita ce malalar narkakken dutse da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa. Mutanen Pahoa, wani ƙaramin gari a babban tsibirin Hawai na ƙasar Amurka, sun yi watanni cikin wannan hali daga 2014 zuwa 2015, kuma abin da ya same su ya isa ya nuna inda ƙarfin masu sa ido ya kai da inda ya tsaya.

Dutsen da ake magana shi ne Kilauea. Daga 3 ga Janairun 1983 har zuwa 2018 ya yi ta amai ta wani baki da ke kafaɗarsa ta gabas, wanda ake kira Pu'u O'o. Shekara talatin akasarin malalar kudu take bi ta faɗa teku. A kan wannan hanya ce ta binne ƙauyen Kalapana a 1990, ta cinye gidaje fiye da 100. Wata majami'ar katako da ke can sai da aka ɗaga ta sukutum aka aza a mota aka kai ta tudun tsira. Ran 27 ga Yunin 2014 sai sabuwar kafa ta ɓulle a ɗaya gefen tsaunin, malalar ta juya arewa maso gabas, ta kutsa daji. Bayan dajin nan, da tazarar kilomita 20 ko ɗan ɗori, Pahoa take. Mutanen cikin garin ba su kai 1,000 ba a ƙidayar 2010, amma ta gefensa babbar hanya mai lamba 130 ta wuce, kuma ita kaɗai ce kwaltar da dubban mazauna ƙasan yankin Puna ke bi zuwa aiki da asibiti da kasuwa. In aka datse ta, an rufe su ke nan tsakanin wuta da teku.

Mai karatu zai ce, ta yaya dutsen da ya narke zai yi tafiyar kilomita 20 bai daskare ba? Wanda ya taɓa barin kunu a kwano ya san yakan yi fata a sama, ka ɗauka ya huce, kana kurɓa ya ƙona maka harshe. Haka narkakken dutsen Kilauea yake. Yana fitowa da zafin da ya kai digiri 1,150 a ma'aunin Salshiyas, samansa ya sha iska ya yi ɓawo baƙi, ɓawon ya yi kauri ya zama rufi, ruwan dutsen kuma ya ci gaba da gudu a ƙarƙashi cikin kogon da ya gina wa kansa. Zafin da yake rasawa a cikin kogon kaɗan ne ƙwarai, don haka yakan isa goshin malalar kusan yadda ya baro gida. A can goshin ba gudu yake yi ba. Ɓawon ne ke kumbura, ya tsage, wani ɗan harshe ja ya leƙo, ya miƙe taku ɗaya ko biyu, ya yi duhu ya tsaya, na kusa da shi ya tsage shi ma. Ciyawa na kamawa da wuta, itatuwa na faɗuwa, a kai a kai kuma a ji tum! kamar an harba bindiga: iskar gas ce da ke fita daga saiwoyin da suka gasu a ƙasa take fashewa, har takan yi jifa da duwatsu. Mutanen Hawai suna kiran wannan iri mai santsi pahoehoe, sabanin a'a mai kaushi da tsini, kuma masana a duk duniya sun ari sunayen biyu.

Aikin gadin yana hannun cibiyar sa ido kan duwatsu masu aman wuta ta Hawai, wadda Thomas Jaggar ya kafa a 1912, yau kuma take ƙarƙashin hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Tun da malalar tana cikin dajin da ba hanya, jirgi mai saukar ungulu ne ƙafarsu. Suna shawagi a kanta da kyamarar da ke ganin zafi, domin ido ba ya bambance dutsen da ya mutu da wanda ke da rai a ciki. Duk baƙi ne. A hoton zafi kuwa kogon yakan fito kamar zare mai haske, kuma duk inda ya ɓalle ana gani. Sannan su sauka, su bi gefen malalar a ƙafa da na'urar GPS suna shata iyakarta. Wani zai matso da safar hannu mai kauri, ya kare fuskarsa, ya ɗebo ɗan jan dutsen da bakin guduma, ya tsoma a bokitin ruwa ya yi caa, domin ya daskare nan take a kai shi ɗakin bincike. Akwai kuma na'urar da ake ratsa saman kogon da ita don a ƙiyasta faɗin ruwan dutsen da ke gudu a ciki.

Sai dai wanda ya zuba ido a goshin malala kaɗai, labarin jiya yake karantawa. Abin da zai faru gobe yana can baya, a tushe. Shi ya sa aka kewaye ƙwanƙolin Kilauea da na'urori masu jin ƙananan girgiza, da masu auna karkacewar ƙasa, waɗanda ke gane motsin da bai kai kaurin gashi ba, da masu auna hayaƙin farar wuta. Idan ƙwanƙolin ya lotsa, alama ce cewa abin da ake turawa Pu'u O'o ya ragu, kuma sau da yawa bayan ɗan lokaci sai a ga goshin malalar ya yi sanyi. Idan ya sake kumbura, sai a sa ran sabuwar ɓalla. Abin lura shi ne ɓallar ba lallai ta zo a goshi ba. Tana iya fitowa kilomita da yawa a baya, ta ɗauki wata hanya dabam, ta nufi unguwar da jiya aka ce ba ta cikin haɗari.

To ina za ta bi? Narkakken dutse gangare yake bi, kamar kowane ruwa. Masanan sun ɗauki taswirar tudu da kwarin yankin suka sa kwamfuta ta zana hanyoyin da suka fi gangara, aka fitar da su da shuɗin layi. Ba a jima ba kowa a Puna ya koyi neman gidansa a tsakanin shuɗayen layukan nan. Amma layukan suna da rauni, kuma masanan ba su ɓoye ba. Taswirar da aka gina su a kai ta 1983 ce, ga daji mai duhu da ke rufe ainihin fuskar ƙasa. Ƙari a kan haka, ruwa yakan wuce ya bar kwarinsa yadda yake, shi kuwa narkakken dutse cike kwarin yake yi ya mai da shi tudu, wanda ya biyo baya dole ya kauce. A watan Agusta ma sai malalar ta faɗa cikin wasu tsagogi masu zurfi ta ɓace, ba a ganin komai sai tururi yana tashi daga tsakanin itatuwa, sannan ta ɓullo a gaba. Ga saurinta ba shi da tabbas: yau mita 300 ko fiye a yini, wani makon ko taku ɗaya. Duk wanda ya raba nisa da sauri ya ba da ranar isowa, lissafinsa daidai ne har zuwa lokacin da saurin ya canza.

Ran 4 ga Satumba cibiyar ta ɗaga gargaɗinta zuwa mataki mafi girma, magajin garin tsibirin, Billy Kenoi, ya ayyana dokar ta-ɓaci. Wannan kuwa wata guda ne bayan guguwar Iselle ta kakkarya itatuwa ta bar yankin cikin duhu. Ba a gama share wancan ba wannan ya taso. A nan rabon aiki ya fito fili. Masana su faɗi inda malalar take da inda take iya bi. Hukumar kare farar hula, wadda Darryl Oliveira ke shugabanta a lokacin, ita ke cewa a rufe hanya ko a kwashe kaya. Kowace safiya ana ba da rahoto a rediyo, kowane mako kuma a taru a makarantar sakandaren Pahoa, a kafa taswira, mutane su yi tambaya ido da ido. A ganina wannan taron bai gaza jirgin da kyamarar muhimmanci ba. Mutumin da ya ji masani ya ce masa a gabansa, wannan mun sani, wancan sai mun gani, ba zai saurari jita-jitar bakin kasuwa ba, kuma ranar da aka ce ya tashi zai tashi.

Ran 25 ga Oktoba malalar ta tsallaka titin Apa'a a bayan gari, ta shiga tsohuwar maƙabartar Japanawa ta rufe yawancin kaburbura, ta ratsa gonaki tana cin mita 10 ko makamancin haka a awa. Kamfanin lantarki ya naɗe gindin turakunsa da abin tare zafi, ya tara musu tsakuwa. Aka turo sojojin jiha su tsare hanyoyi. Ran 30 ga wata, saura kimanin mita 150 ta hau titin da ya ratsa tsakiyar garin, sai ta tsaya cak. Ba wanda ya tsayar da ita. Ran 10 ga Nuwamba wani reshe ya fito ta gefe ya ƙone gida ɗaya, wanda mazaunansa sun riga sun tashi, wani kuma ya shiga harabar wurin tara shara. A Disamba sabon reshe ya nufi rukunin kantunan garin. Babban kantin kayan abinci ya kwashe kayansa ya rufe, gidan mai ya zuƙe tankunansa. Shi ma reshen ya tsaya. Zuwa Maris ɗin 2015 duk ɓallar da ke kusa da gari ta mutu, aka sauke gargaɗin.

Gida ɗaya. A gefe guda kuma an rufe makarantar firamare an rarraba yara, an kashe miliyoyin daloli wajen gyara hanyoyin ko-ta-kwana har da fasa wata ta kan tsohuwar malala, wasu sun sayar da gidajensu da arha, wasu sun bar haya sun yi ƙaura. Ba a rasa masu cewa an tsorata su a banza. Ban yarda da su ba, amma ƙorafin yana taɓa ainihin matsalar. Ilimin da ake da shi yana iya faɗin inda malala take, yana iya ƙiyasta inda za ta bi, amma ba ya iya faɗin ranar da za ta tsaya. Hukumar da ta jira tabbas kafin ta motsa, ranar da tabbas ya zo ba sauran hanyar fita. Wadda ta motsa da wuri kuwa, in Allah ya kiyaye, ita za a zaga. Babu na'urar da za ta fitar da shugaba daga wannan tsaka mai wuya.

A tarurrukan nan tambayar da ta fi ta da jijiyar wuya ita ce: me ya sa ba za a karkatar da ita ba? An sha gwadawa a duniya. A 1669, da malalar dutsen Etna na Italiya ta nufo birnin Kataniya, wani Diego Pappalardo ya ja mutane suka lulluɓa da jiƙaƙƙun fatu suka fasa gefen malalar da ƙarafa. Ta fara juyawa kuwa, amma sai ta nufi garin Paterno, mutanen can suka fito da makamai suka kore su. A Disambar 1935 jiragen sojan Amurka sun yi ruwan bama-bamai a kan malalar dutsen Mauna Loa na Hawai don ceton garin Hilo, bisa shawarar Jaggar. Ta tsaya bayan 'yan kwanaki, kuma har yau masana da yawa na ganin da ma ƙarewa za ta yi. Nasarar da ba a cika gardama a kanta ba ita ce ta tsibirin Heimaey a ƙasar Aisland a 1973. A dare ɗaya jiragen kamun kifi suka kwashe mutum fiye da 5,000, sannan aka yi watanni ana feshin ruwan teku, kimanin mita kubik miliyan 6, a kan malalar har aka ceci tashar jiragen ruwa, ko da yake gidaje kusan 400 sun tafi. Amma can teku na kusa, aman kuma ya ƙare cikin wata biyar da ɗoriya. Pu'u O'o kuwa a 2014 ya riga ya shekara 31 yana zuba. Ganuwar da ta tare na yau, na gobe zai hau kanta.

A Pahoa hukuma ta ce ba za ta karkatar ba. Dalili na farko shi ne na mutanen Paterno: duk inda ka kau da ita, ƙofar wani ka kai ta, kuma daga ranar ba dutse ne ya ƙone masa gida ba, kai ne. Na biyu kuma, 'yan asalin Hawai da yawa suna ɗaukar aman wutar a matsayin zuwan Pele, wadda a addininsu na gargajiya ita ce mai dutsen, kuma sun tashi a taron sun ce ba a tare mata hanya. A Aisland an zaɓi akasin haka shekaru tara bayan nan. Da aka kwashe mutanen garin Grindavik, su kusan 3,700, ran 10 ga Nuwamban 2023, sai aka shiga tara ganuwar ƙasa da duwatsu don kare garin da tashar lantarki ta Svartsengi. Ganuwar ta yi aiki, ta kau da malala fiye da sau ɗaya. Amma ran 14 ga Janairun 2024 wata tsaga ta buɗe a cikin ganuwar, dab da gidaje, ta ƙone uku.

Duk wannan magana ce ta malala mai nawa, a ƙasashe masu kuɗi. Goma, a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, wani labari ne. Narkakken dutsen Nyiragongo, da ke kusa da birnin, tsinkakke ne ƙwarai, gangaren kuma mai tsayi, don haka in gefen dutsen ya tsage yakan zubo da gudun da ya fi na mutum. Ba zancen bin gefensa a ƙafa ana aunawa. Ran 17 ga Janairun 2002 ya raba birnin biyu, ya rufe wani ɓangare na titin saukar jirage, ya shiga tafkin Kibu, dubban ɗaruruwa suka tsere zuwa Gisenyi a Ruwanda, mutum fiye da 100 suka mutu. Ran 22 ga Mayun 2021 ya sake zubowa da magariba, kuma jan sararin sama ne ya fara sanar da mutane, ba hukuma ba. Malalar ta tsaya a bakin birnin, amma an rasa rayuka fiye da 30, da yawa a haɗarin mota wajen gudu. An ɗora laifin a kan cibiyar sa ido ta Goma, wadda tallafin Bankin Duniya ya yanke mata a 2020, har ta yi fama da kuɗin intanet da na mai. Sai dai binciken da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa na'urorin da ke aiki ba su ga wata alama ba sai ƙasa da awa guda kafin tsagewar. Wato ko da kuɗin, gargaɗin zai zo a ƙurarren lokaci. Kwana biyar bayan aman na 2021 gwamnan soja na lardin ya ba da umarnin kwashe unguwanni 10, don girgiza ta nuna narkakken dutsen ya ratso ƙarƙashin birnin, ana kuma tsoron ya tayar da iskar gas ɗin da ke kwance a ƙasan tafkin, irin wadda ta hallaka mutum fiye da 1,700 a tafkin Nyos na Kamaru a 1986. Mutum kimanin 400,000 suka fita. Bai fashe ba, suka dawo.

Puna ma ba ta tsira ba. Ran 30 ga Afrilun 2018 Pu'u O'o ya rufta, na'urori suka bi sawun ƙananan girgiza suna gangarowa gabas a ƙarƙashin ƙasa, aka yi gargaɗi. Ran 3 ga Mayu ƙasa ta tsage a tsakiyar unguwar Leilani Estates, 'yan kilomita daga Pahoa. Wannan karon ba daga nesa malalar ta taho ba, daga ƙarƙashin tituna ta fito, tsaga 24. Na farkon da ya fito mai kauri ne, mai nawa. Masana a jami'ar Hawai da ke Hilo suna gwada samfur cikin sa'o'i, suka gane tsohon ajiya ne da ya daɗe a ƙasa, sabo mai zafi da gudu yana tafe, suka faɗa. Haka kuwa aka yi: tsaga ta 8 ta zama kogin wuta da ya cike gaɓar Kapoho ya shafe unguwanninta. Jirage marasa matuƙi suka shiga aikin dare da rana. Akwai daren da wani ya maƙale a gidansa wuta na kewaye shi, aka ce masa ta waya ya bi fitilar jirgin, ya bi ta har ya fita. Ginin cibiyar kanta, da ke bakin ramin ƙwanƙolin, ya tsattsage har aka bar shi. Gidaje fiye da 700 suka ƙone cikin wata uku, amma malalar ba ta kashe ko mutum ɗaya ba.

Gidajen nan ba a ɓoye aka gina su ba. Taswirar hukumar binciken ƙasa ta kasa tsibirin kashi 9 bisa girman haɗari, kuma Leilani tana kashi na 1, mafi muni, a kan layin tsagar kanta. An yanka filayen yankin tun shekarun 1950 da 1960 aka sayar da arha, kuma arhar ce ke kawo mutane har yanzu, domin a Hawai mai ƙaramin ƙarfi ba shi da wurin da zai mallaki gida kamar Puna. Bayan Kalapana, da kamfanonin inshora suka ja da baya, majalisar jihar ta kafa wani asusu a 1991 don ba da inshora a kashi na 1 da na 2, abin da ya sa bankuna suka ci gaba da ba da bashin gini. Sai bayan 2018 aka fara sayen filayen waɗanda suka yi asara da kuɗin gwamnatin tarayya don kada a sake gini a kansu, kamar yadda gwamnatin Aisland ta saye yawancin gidajen Grindavik a 2024. A Goma ba wanda ya saye filin kowa. A kan malalar 2002 aka sake gina unguwanni, kuma da baƙin dutsenta ake yin katangar gida.